Rektangul mafi girma a cikin rabin da'ira

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce an ba ku rabin da'ira mai rediyos (wato nisa daga tsakiya zuwa bakin da'ira) santimita 10, ana neman rektangul mafi faɗin fili da zai shiga ciki, gindinsa zaune a kan miƙaƙƙen layin. Kai ka samu 50, littafi ya ce 100. Littafin ne da gaskiya. Na kuma san inda ka zame, don ni ma a nan na sha ƙasa ina ajin farko a jami'a nan Sakkwato, kuma tun da na fara koyarwa duk shekara sai na ga ɗalibai sun faɗa ramin.

Fara da zane tukuna. Ni a aji igiya nake ɗaura wa alli, in danne bakinta da yatsa a allo, in ja rabin da'irar. Daga tsakiya zuwa gefe ɗaya na rektangul ɗin, kira shi x. To faɗinsa gaba ɗaya 2x ne, don ya tafi dama ya tafi hagu. Kai x kaɗai ka ɗauka. Abin da ke sa kuskuren ya ɓuya shi ne, ko da shi x ɗinka zai fito daidai, filin ne kawai ke rabewa biyu. Sai mutum ya yi ta bin lissafinsa sama da ƙasa bai ga komai ba.

Tsayin kuwa ƙa'idar Fitagoras ce ke ba ka, tunda daga tsakiya zuwa kusurwar sama ta rektangul ɗin rediyos ne, wato 10: √(100 − x²). Ke nan fili A = 2x√(100 − x²).

Kana iya difarenshiyeshan kai tsaye, wato lissafin yadda A ke canzawa in x ya canza, amma rut ɗin nan (alamar √) yakan rikita yara. Ni na fi son a ninka A da kansa, tunda fili ba ya zama ƙasa da sifili, inda A² ya kai ƙololuwa nan A ma ya kai. A² = 400x² − 4x⁴. Difarenshiyeshan ya ba da 800x − 16x³. Daidaita shi da sifili, don a ƙololuwa A² ya daina hawa, x² = 50, wato x kusan 7.07. Tsayi ma 7.07, faɗi 14.14, fili 100 cif. Ka ga faɗin ya ninka tsayin.

Kada ka tsaya nan, mai maki yana son hujjar cewa mafi girma ne. Idan x = 0 ko x = 10, filin sifili ne. Gwada 6: tsayi 8, fili 96. Gwada 8: tsayi 6, fili 96 kuma. Duka ba su kai ba.

Wata ɗalibata ta taɓa tambayata nawa ake asara. Rabin da'irar kusan 157 ne, rektangul ɗin ya ci kusan kashi 64 cikin ɗari. Da fatar akuya baduku ke yankawa haka, fiye da sulusi ne zai tafi a guntaye, kuma babu wayon da zai rage shi.

Yanzu gwada wannan: rektangul a ƙarƙashin y = 12 − x², gindinsa a kan layin x. In ka samu 16 maimakon 32, ka sake manta da hagun.