Shin Rasha Ce Ta Kakkaɓo Jirgin Shugaba Kaczynski?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin kammala digiri kan dangantakar Poland da Rasha, kuma na gina babi guda a kan cewa Rasha ce ta kakkaɓo jirgin Shugaban Poland Lech Kaczynski, kamar yadda na gani a bidiyoyi da dama. Mai duba aikina ya ce ko in kawo hujja ko in cire babin. Hankalina ya tashi, domin lokacin kare kundin ya matso.

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka, domin mai duba aikinka gata ya yi maka. Na san inda zargin ya samo ƙarfi. Kaczynski tsohon mashawarcin ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc ne, wanda gwamnatin gurguzu ta tsare a ƙarshen 1981, kuma tun da ya kayar da Donald Tusk a zaɓen 2005 bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga manufofin Mosko ba. A Agustan 2008, lokacin yaƙin Rasha da Jojiya, har Tbilisi, babban birnin Jojiya, ya je ya yi jawabin goyon baya. Sannan jirgin ya faɗi ne ranar 10 ga Afrilun 2010 kusa da birnin Smolensk na Rasha, yana ɗauke da mutum 96, ciki har da shugaban, a kan hanyar zuwa bikin cika shekara 70 da kisan Katyn, inda jami'an tsaron Sobiyet suka hallaka 'yan Poland kusan 22,000.

To amma ga cutar da nake fama da ita kullum a wurin ɗalibai: ɗaukar gaba a matsayin hujjar kisa. Samun mai ƙin mutum daban, tabbatar da cewa shi ya kashe shi daban. Masu haɗa bidiyon nan da ke kiran kansu masana ba sa taɓa gaya maka cewa hazo ya rufe filin jirgin a safiyar ranar, har wasu matuƙan Poland da suka riga sauka suka sanar da abokan aikinsu cewa ba a hangen abin da ya wuce mita 200. Ba sa faɗa maka cewa wani jirgin Rasha ya gwada sauka sau biyu ya kasa, ya juya. Ba sa kuma kawo abin da baƙin akwati ya naɗa, inda na'urar gargaɗi ke ta nanata wa matuƙan su ɗaga jirgin sama, su kuwa suka ci gaba da yin ƙasa har fiffiken hagu ya daki wata bishiya ya karye, jirgin ya kife. Kuma ba Rasha kaɗai ta faɗi haka ba. Kwamitin gwamnatin Poland ƙarƙashin Jerzy Miller ya tabbatar da shi a Yulin 2011, ya ɗora laifi a kan raunin horon matuƙan, tare da kurakuran jami'an hasumiyar Rasha da lalacewar fitilun filin. Saboda wannan rahoto ministan tsaro Bogdan Klich ya ajiye aiki, aka kuma rushe rundunar da ke jigilar manyan ƙasar.

Zargin cewa bam ne ya fashe a cikin jirgin ya bunƙasa ne a hannun Antoni Macierewicz, wanda ya jagoranci wani kwamiti bayan jam'iyyar PiS ta Jaroslaw Kaczynski, ɗan tagwayen marigayin, ta karɓi mulki a 2015. Gwamnatin Tusk ta rushe kwamitin a Disambar 2023. Kana iya cewa siyasa ce ta kowane ɓangare, amma rahoton Miller yana da muryoyin matuƙa da bayanan na'urori a bayansa.

Rasha ma ba ta wanku ba, domin ta riƙe tarkacen jirgin ta ƙi mayar wa Poland, kuma binciken da aka sake yi ya nuna an musanya wasu gawarwaki a akwatunan da aka aiko daga Mosko. Wannan shi ya kamata babinka ya tattauna: yadda taurin kan Mosko da rikicin cikin gida suka mai da hatsari makamin siyasa. Ka sauya masa take, ka nemi rahoton Miller ka karanta shi da kanka kafin ka koma wurin malaminka.