Zauren Amsoshi: Ko kwamfuta za ta iya hango farashin albasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne, kuma shekara shida ke nan ina rubuta farashin buhu a littafi duk mako. Ɗana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce akwai dabarun kwamfuta da za su duba littafin, su nuna mini lokacin da ya dace in fitar da kayan da na ajiye a rudu. Waɗanne dabaru ne, kuma ko za a iya dogara da su?
Daga wani mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, domin gaskiya ya faɗa muku, sai dai maganar tana da sharaɗi. Masana suna kiran waɗannan dabaru basirar kwamfuta, kuma abin da ya haɗa su shi ne daga halittar Allah aka kwaikwayo su, don a tunkari matsalolin da ba su da ƙa'idar lissafi guda ɗaya tsayayya.

Wadda ta fi suna ita ce mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Warren McCulloch da Walter Pitts ne suka fara siffanta ta da lissafi a 1943 a Amurka, amma ba ta yi ƙarfi ba sai bayan 1986, lokacin da hanyar koya mata daga kuskurenta ta yaɗu. Aikinta kamar na yaron shago ne da ake horarwa. Za a ba ta watan da ake ciki da farashin makon jiya da kuɗin mota, ta ƙiyasta farashin wannan mako, sannan a nuna mata abin da kuka rubuta a littafi. Idan ta yi sama ko ta yi ƙasa, sai ta gyara nauyin da ta ba kowane dalili, ta sake gwadawa, har sau dubbai.

A nan ne nake jiye muku tsoro. Shekara shida, layi ɗaya duk mako, layi 312 ke nan, kuma wannan kaɗan ne ƙwarai a wurin irin wannan manhaja. Idan bayanai suka yi ƙaranci, sai ta haddace littafin ba tare da ta fahimci kasuwar ba, ta riƙa faɗin farashin baya daidai har ku yi mamaki, amma da an tambaye ta mako mai zuwa sai ta kauce hanya. Maganin haka shi ne ɗanku ya ɓoye mata shekarar ƙarshe gaba ɗaya, ya horar da ita da shekara biyar, sannan ya jarraba ta da wadda ba ta taɓa gani ba. Ya kuma kwatanta sakamakonta da hasashen da kowane dillali yake yi da ka, wato albasa tana araha lokacin da aka kwaso ta daga fadama, ta yi tsada idan ta ja baya a ƙarshen shekara. Idan ba ta fi wannan ba, babu dalilin wahala da ita.

Ni dai da za a bi ta tawa, da dabara ta biyu za ku fara, wadda nake kira lissafin tsaka-tsaki. Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya ne ya fito da ita a 1965, bisa lura da cewa mutane ba da i ko a'a kaɗai suke yanke hukunci ba. Idan kuka ɗauki albasa kuka matsa ta da babban yatsa, kuka duba wuyanta, ba cewa kuke yi lafiyayya ce ko ruɓaɓɓiya ba, cewa kuke yi ta ɗan fara laushi. Wannan lissafi yana ba "ɗan laushi" daraja tsakanin 0 da 1, a ce 0.3, sannan a rubuta masa dokoki da bakin masu sana'a: idan laushi ya fara yawa kuma farashi ya ɗan ɗaga, a fitar da rabin kaya. Da irinsa aka sarrafa tashi da tsayawar jirgin ƙasa na birnin Sendai a Jafan tun 1987. Abin da ya sa nake son sa shi ne dokokin a fili suke, kuna iya karanta su ku ce wannan ba haka take ba, kuma ilimin da kuka tara a kasuwa ba ya tafiya a banza.

Akwai kuma dabarar zaɓen iri, wadda John Holland ya shimfiɗa a 1975. Kwamfuta tana tara amsoshi da yawa, ta zaɓi mafi kyau ta haɗa su su haifi wasu, kamar yadda makiyayi yake zaɓen bunsuru a garken jajayen awaki. Ita da dabarar tururuwa ta Marco Dorigo, ta 1992, wadda aka kwaikwayo daga yadda tururuwa ke gano gajeriyar hanya zuwa abinci, sun fi amfani wajen tsara hanya, misali motar da za ta ɗebi kaya a Goronyo da Wurno kafin ta nufi Kudu.

Sharaɗin da na ambata shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ta san abin da ba a rubuta ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda mutanen Illela suka ji a jikinsu, sun sauya kuɗin mota da farashin kaya, kuma babu manhajar da za ta hango su daga farashin albasa kaɗai. Saboda haka daga wannan mako ku ƙara gurabe a littafin: girman buhu, sabuwa ce ko busasshiya, kasuwar da aka sayar, kuɗin mota, da duk abin da ya faru na ba-zata. Makon da ba ku je kasuwa ba ku bar gurbinsa fili, kada a cike shi da ƙiyasi.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai sha'awar nazarin bayanai. Sai na mallaki kwamfuta mai tsada kafin in fara?
Daga wata mai karatu, Mabera.

AMSA: A'a, 'yata. Kwamfutar tafi-da-gidanka matsakaiciya ta ishe ki, kuma manhajojin Python da R, waɗanda ake nazarin bayanai da su, kyauta ne. Abin da zan roƙe ki shi ne ki fara da ilimin ƙididdiga, ki iya fitar da matsakaici, ki iya zana jadawali ki karanta shi, domin tsaftace bayanai da fahimtarsu su ne suke cin mafi yawan lokacin mai wannan aiki. Bayan haka ki nemi izinin wani mai shago a unguwarku, ki shigar da cinikinsa na wata uku a kwamfuta da hannunki, ki fara gwaji da shi.