Shekarar Ƙarshe Ta Koyon Aikin Lantarki: Amsa Ga Yaron Da Ya Tambaya

Yarona, ka ce ka shiga shekara ta biyar a shirin horo na IBEW, ƙungiyar ma'aikatan lantarki, a nan jihar Teksas ta Amurka, ka gaji da haɗa aikin rana da karatun dare, jarrabawar lasisi tana ba ka tsoro, sannan wani ɗan garinku ya nemi ka yi masa wayarin ɗin shagonsa a ƙarshen mako domin ka samu na kashewa. Ba na yawan amsa irin wannan tambaya, domin yawancin masu yin ta lallashi suke nema, amma maganar ɗan garin nan ta taɓo mini wani tsohon ciwo, saboda haka zan amsa maka.

Zancen gajiya ba zan daɗe a kansa ba. Tun ranar da ka sa hannu ka san sa'o'i 8,000 ne na aiki da kimanin 900 na aji, kuma ana biyanka albashi mai ƙaruwa, ga inshorar lafiya, ga fansho yana taruwa. Mu da muka fara sana'ar nan a Kano shekara da shekaru muna ɗaukar tsani da fasa bango, abin da maigida ya ga dama shi ne rabonmu. Lanƙwasa fayif da gwada waya kafin ka taɓa ta kuwa, idan har sai na koya maka su a shekara ta biyar, to ka nemi wata sana'ar tun da sauran lokaci.

Jarrabawar ma an fi ba ta tsoro fiye da yadda ta cancanta. Da littafin NEC, wato dokokin aikin lantarki na Amurka, a buɗe ake yin ta, kashi 70 cikin ɗari ake nema, kuma a Teksas ana barin mutum ya zauna mata da sa'o'i 7,000, ko da yake lasisin ba ya fitowa sai ya cika 8,000. Ana sabunta littafin duk bayan shekara uku, don haka ka tabbatar da bugun da za a yi amfani da shi kafin ka sayi tsohon wani. Abin da ke kayar da samarin yanzu shi ne sun saba manhajar waya tana yi musu lissafi, ran da aka karɓe wayar a ƙofar ɗakin jarrabawa sai su yi ta juya shafuka har lokaci ya ƙare. Ka zauna da sashe na 250 mai magana kan haɗa layi da ƙasa, da na 430 na injina, da jadawali na 310.16 mai nuna yawan wutar da kowace waya za ta iya ɗauka, har hannunka ya riƙa zuwa wurinsu ba tare da tunani ba. Lissafin nauyin wutar da gini zai ja kuwa ka riƙa yin sa da fensir kowane dare, domin rashin yin sa ne ya jawo mini asarar da zan ba ka labarinta.

Bayan na samu lasisin masta, wato na babban gwanin aikin lantarki, na buɗe kamfanina, na kuma sa hannu a yarjejeniya da ƙungiya, sai wani mutuminmu da muke sallar Juma'a tare ya ba ni aikin gidan abincinsa. Komai a rubuce yake: layi uku mai bolt 120/208, babban akwatin wuta mai amfiya 200, murhu da tukunyar suya duk na gas. Na ajiye cikakken ma'aikaci, Ba'amurke, tare da wani yaro ɗan shekara ta biyar kamar kai, ni kuma na tafi wani ginin da ya fi matsi. Mutumin nan bai taɓa tunkarar Ba'amurken ba. Sai ya riƙa jan yaron gefe saboda yaron yana jin Hausa, yana kawo masa tuwo da miyar kuka, yana kiransa injiniya, har ya shaida masa cewa ya fasa gas, tanda da tukwanen suya na lantarki zai saka, zai kuma ƙara ɗakin sanyi, kuma wai ya riga ya gama magana da ni.

Ko kalma ɗaya bai faɗa mini ba. Yaron ya gaya wa Ba'amurken cewa oga ya amince, suka ɗauko waya mai kauri da bireka a kan asusun kamfanina, suka ja sababbin layuka, kuma ba zan ɓoye ba, aikin hannunsa ya yi kyau ƙwarai. Sai dai yaron da ya rage 'yan watanni a yaye shi bai zauna ya tara nauyin kayan nan ya ga ko amfiya 200 za ta ɗauka ba, alhali lissafi ne na rabin shafi da aka koya masa a aji. Sufeto ya zo ya duba, ya ƙi sa hannu. Dole aka ɗaga layin shigowa zuwa amfiya 400, wato sabon akwati, sabon fayif, sabuwar waya tun daga mita, da jiran kamfanin wuta ya zo ya yanke ya sake haɗawa.

Na rubuta takardar canjin aiki da farashinta na kai masa. Yau ya ce gobe, gobe ya ce matarsa ce ke riƙe da lissafi, sannan ya turo dattawan unguwa suna roƙona in kammala domin ya buɗe kafin azumi, suka ce su ne shaida, kuɗina ba zai yi ciwon kai ba. Izinin aikin da sunana da lambar lasisina ya fito, ba ni da damar barinsa rabi da rabi, don haka na kammala. Da na kai takardar biya, mutumin nan ya dube ni ya ce shi aikin amfiya 200 ya sani, in nuna masa inda ya sa hannu a kan wani abu daban, ƙarin kuwa kuskuren yarana ne. Dattawan da suka tsaya masa suka koma cewa in yi haƙuri, ɗan'uwa ne.

Na shigar da takardar riƙe kadara, wadda ke ɗora bashin aiki a kan ginin da aka yi wa aikin, cikin wa'adin da doka ta bayar, sai ta bayyana cewa haya yake yi, haƙƙina a kan hayarsa kawai ya tsaya, ginin na wani ne. Da kasuwa ta ƙi, ya rufe ya kwashe kayansa. Fiye da dala 20,000 suka tafi, domin wayar tagulla da aka yanka ba ta komawa kanti, kuma albashin ma'aikata da kuɗin fanshonsu na biya cif kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Shekarar nan ban sayi motar aikin da na yi niyya ba, ban kuma je gida ba. Har yau muna haɗuwa a filin idi yana miƙo mini hannu, ina karɓa saboda idon jama'a, amma ban yafe ba.

Ɗan shekara ta biyar shi ne mutumin da macuci ya fi so a wurin aiki, domin ya iya aikin, ba shi da ikon sa hannu, kuma yana jin daɗin a girmama shi. Mai shagon da ya neme ka ya san farashin ɗan kwangila mai lasisi, shi ya sa ya zo wurinka. Katinka na ɗan koyo bai ba ka damar karɓar kwangila ba, ba za ka iya ciro izinin aiki ba, ba ka da inshora, kuma idan wuta ta tashi a shagon sunanka zai fara ambata. Idan labarin ya kai kwamitin horo na haɗin gwiwa tsakanin ƙungiya da NECA, ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki, suna da ikon korarka, shekara huɗun da ka yi ta tafi a banza. Ka ce masa a'a, idan ya ji haushi ka ba shi lambata in yi masa farashi a rubuce.

A wurin aiki kuma, duk wanda ya ce maka a canja wani abu, ko mai gini ne ko babban ɗan kwangila, ka tura shi wurin foman, kada ka yanke waya ko taku ɗaya sai ka ga takarda. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, da wanda ya ba da umarni, da abin da ya ce. Rahoton sa'o'inka na wata-wata ka miƙa shi a kan lokaci, ka kuma ajiye kwafi a gida, domin da shi za ka san ka cika sa'o'i 7,000 ka nemi zama jarrabawa. Ranar Asabar da ka yi niyyar kai wa mai shagon, ka zo ofishina da littafinka da fensir, ka bar wayar a mota, zan ba ka lissafin gidan abincin nan ka yi shi a gabana.