Hasken da ke tsabtace fiya wata, yana aiki a kan maganin allura?

Tambaya: Ina aiki a wata masana'antar fiya wata a Sharada, ruwanmu yana bi ta jikin fitilar UV. Na ji an ce da irin wannan hasken ake kashe bairas a magungunan furotin. Ba ya lalata maganin?

Amsa: Malam, yana iya lalata shi, kuma nan wahalar aikin take.

Hasken UV-C, wani nau'in hasken UV da ido ba ya gani, mai tsayin zango nanomita 254 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), yana ratsa bairas ya manne wasu sassan DNA ko RNA ɗinta, wato ƙwayar gadonta, sai ta kasa hayayyafa. Ƙwayar gado ta fi zuƙar haske a kusa da 260, furotin kuwa a kusa da 280. Wannan 'yar tazarar ce ke ba da damar a kashe cutar a bar maganin.

Ruwanku garai-garai yake, haske na ratsa shi. Ruwan furotin kuwa, ko da ido ya ga kamar ruwan sha, a wajen wannan hasken tamkar kunu ne: na bakin fitila ya sha ya ƙoshi, na nesa ko ɗigo. Shi ya sa ake tura shi ta siririn bututu da aka naɗe a jikin fitilar, yana tafe yana juyawa, kowane ɓangare ya samu rabonsa. In hasken ya gaza, bairas ta tsira. In ya yi yawa, furotin ya lalace ya cure, kuma curarren furotin na iya tayar da garkuwar jikin majiyyaci.

To me ya kawo wannan wahala? A shekarun 1980 masu ciwon rashin daskarewar jini da yawa sun kamu da HIV ta maganin da aka ciro daga jinin mutane. Daga nan aka rungumi wanke magani da sinadarai masu narkar da rigar kitsen bairas, irin ta HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Sai dai parvovirus B19 da ciwon hanta nau'in A ba su da wannan rigar, wankin ba ya taɓa su. Su ne hasken ke kayarwa cikin sauƙi. HIV kuwa, abin mamaki, ta fi su jure shi.

Don haka ban yarda a dogara da fitila kaɗai ba. Ana haɗa ta da wankin da matattara mai ƙofofin nanomita 20, kuma kafin a amince da tsarin sai an zuba bairas da gangan cikin ɗan samfuri an ƙirga abin da ya saura.