Shanun tatsa huɗu zan saya ko biyu?

Wani mai sayar da hatsi a Tahoua ya aiko yana cewa ya tara kuɗin da za su saya masa shanun tatsa huɗu, yana so ya shiga harkar nono. Tambayarsa: ya zuba kuɗin duka?

Alhaji, Allah ya sa albarka, amma kada ka zuba duka. Sayi biyu, sauran kuɗin ka ware su don ci da magani. Nemi Azawak, irin shanun ƙasar nan ta Nijar da aka daɗe ana kyautata irinsu a cibiyoyin kiwo na Tukunus da Ibesetan saboda nono. Sai dai ko Azawak ce, abin da ta ci shi take bayarwa. Tun lokacin kaka ka tara harawa da dusa, don daga Maris zuwa Yuni farashinsu tashi yake, kai ma ka fi ni sani. Ruwa kuwa kada ya yanke mata, a yi mata rumfa, ga kanwa a kusa.

Ranar saye ka tafi da likitan dabbobi. Ka sa a tatse ta a gabanka, ka taɓa hantsar da hannunka. In ka ji tauri ko zafi, ko ka ga gudaji a nonon, bar ta ko da an karya maka kuɗi. Ka tambaya ko ta taɓa ɓari, don bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, na kama mutum ta ɗanyen nono. Allurar rigakafin ciwon huhu da gwamnati ke yi kowace shekara ma kada ta wuce ka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan maraƙi. Masu sabon shiga sukan tatse uwar ƙarƙaf, su bar shi da yunwa. Ka bar masa dakashi gaba ɗaya a kwanakin farko, bayan nan a riƙa rage masa rabonsa. Shanunmu sai sun ga ɗansu suke sakin nono. In ya mutu, sau da yawa nonon ƙafewa yake, ka yi asara biyu.

In an yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, kada ka sayar da nononta sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika. Yana cutar da mai sha, kuma ba ya kama kindirmo, mai saye ba za ta sake dawowa wurinka ba.

Ka buɗe littafi, kullum ka rubuta litar da ka tatsa da abin da suka ci. Bayan shekara, in lissafi ya fita, sai ka ƙara ta uku.