Amsa ga mai son shiga makarantar tauhidi alhali yana riƙe da ikilisiya

Salama ɗan'uwa. Ka ce dattawa sun ba ka riƙon wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye, kana jin kiran zama fasto, kana kuma tambaya ko za ka iya haɗa karatun tauhidi da hidimar, da kuma makarantar da ta dace.

Ana iya haɗawa, da yawa sun yi. Amma kafin ka sayi fom, ka fara zama da shugabannin ikilisiyarka, domin makaranta takardar shaida kawai take bayarwa, ikilisiya ce ke naɗa fasto. A ɗarikun ECWA da EYN magana tana tashi daga majalisar ikilisiyarku ta hau zuwa gunduma, wato DCC, a ɗarikar COCIN kuma majalisar yanki, wato RCC. Su ne za su rubuta maka takardar amincewa, su ne kuma za su ba ka wurin aiki in ka gama. Wanda ya tafi karatu da kansa ba da saninsu ba yakan dawo da digiri ya zauna shekaru babu inda aka tura shi. Ka tambaye su a fili: wace makaranta suka yarda da ita, za su ɗauki wani kaso na kuɗin karatu, wa zai riƙe bagadi ranakun da ba ka nan. A rubuta amsar cikin littafin majalisa, don shugabanni suna canjawa.

Kusan kowace ɗarika tana da makarantarta. ECWA na da JETS a Jos, wadda aka buɗe a 1980, da ta Kagoro da ta Igbaja. COCIN na da ta Gindiri, EYN na da Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, LCCN na da Bronnum a Yola, Anglika na da St. Francis a Wusasa, Baftis na da tasu a Kaduna. TCNN da ke Bukuru ta haɗin gwiwar ikilisiyoyin TEKAN ce, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, a can za ka zauna aji ɗaya da ɗan Lutheran da ɗan Brethren da ɗan Reformed, ka ji yadda suka bambanta a kan baftismar jarirai da Jibin Ubangiji. Wannan yana buɗe kai ƙwarai. Difloma takan ɗauki shekara 3, digiri shekara 4, kuma don digiri ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO har da Turanci. Ka bincika ko makarantar tana da alaƙa da wata jami'a, ko hukumar ACTEA, mai duba ingancin makarantun tauhidi a Afirka, ta tantance ta. In babu ko ɗaya, takardar za ta ba ka wahala ranar da ka nemi ƙaro karatu.

Karatun kansa kashi huɗu ne: nazarin Littafi Mai Tsarki da harsunansa, koyarwar bangaskiya, tarihin ikilisiya, sai aikin fasto kamar wa'azi da ba da shawara da tafiyar da ikilisiya. Inda masu haɗa karatu da hidima suka fi faɗuwa shi ne Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Dalili kuwa, sauran darussa ana iya tara su a yi karatun dare kafin jarrabawa, harshe ba ya yarda da haka. Darasin mako na shida yana tsaye ne a kan na mako na biyar, wanda ya tsallake mako biyu saboda jana'iza da ɗaurin aure ya riga ya ɓata. Haruffan Helenanci 24 ne, a haddace su tun kafin a shiga aji. Kalmomi wajen 300 da suka fi maimaituwa su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun Sabon Alkawari, sai ka rubuta su a ƙananan katuna, ka riƙa bi minti 30 kowace safiya. Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar. Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, haruffa 22 ne, daga dama zuwa hagu, kuma mai jin Hausa yana da sa'a a nan, don kalmomin Larabci da ke bakinmu suna da dangi a cikinsa. Kada ka ɗauki harsunan biyu a zango ɗaya in har an ba ka zaɓi.

Lissafin lokaci ma sai ka yi shi da gaskiya. Kowace awa ɗaya a aji tana neman wajen awa biyu na karatu a ɗaki, wa'azin Lahadi mai kyau kuma yana cin awa shida zuwa takwas. Saboda haka ka rage hawa bagadi zuwa sau biyu a wata, ka koya wa dattawa biyu su riƙa jagorantar sujada da addu'ar tsakiyar mako. In ikilisiyar tana da nisa, shirin da wasu makarantu ke yi lokacin dogon hutu ya fi maka, ko da zai ja shekaru.

Abin da ya fi damuna ga ɗalibai shi ne ramin da ke tsakanin aji da bagadi. Ana koyarwa da Turanci, ana rubuta jarrabawa da Turanci, amma jama'arka Hausa za su ji, wasu ma Hausar ba ita ce harshen gidansu ba. Sai ka ga ɗalibi ya dawo hutu yana jefa manyan kalmomi, tsofaffin zumuntar mata suna kallonsa kawai. Maganinsa, duk abin da aka koya maka a mako, ka zauna ka rubuta shi da Hausa a shafi ɗaya, yadda manomi zai gane. In an koya maka abin da majalisar Nikiya ta yanke a shekara ta 325 a kan allahntakar Almasihu, ka gwada bayyana shi ga matashin da abokansa Musulmi ke tambayarsa kullum a kasuwa. In ka kasa, ba ka gama fahimta ba tukuna. Ka riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa kusa da na Turanci a kowane aji, ka haddace ayoyi daga wanda za ka yi wa'azi da shi.

A wajen shirya wa'azi, ka bi tsari ɗaya har ya zama jiki: karanta sura duka sau uku, gano wa ya rubuta da wa aka rubuta wa, fitar da magana ɗaya da nassin ke yi, sannan ka buɗe littafin sharhi. Masu fara buɗe sharhi sukan kwafe tunanin wani. Dubi Irmiya 29:11 da ake yawan ɗaukowa don alkawarin arziki nan take. Wasiƙa ce ga 'yan bauta a Babila, aya ta 10 kuma ta nuna za su jira shekara 70. Wanda ya karanta aya ta 10 tare da ita zai yi wa'azin haƙuri da bege, kuma shi ne abin da mutanen da rikici ya kora daga gidajensu ke bukatar ji.

Wani abu zai same ka a shekarar farko, gara ka sani tun yanzu. Za a kawo muhawarar masana a kan wanda ya rubuta littafin Ibraniyawa, ko yadda aka tattara littattafan Musa, wasu ɗalibai sai gabansu ya faɗi. Kada ka kai wannan bagadi, kada kuma ka binne shi a zuci. Ka nemi malami ɗaya da tsohon fasto ɗaya da za ka riƙa zama da su kowane wata. Ka kuma raba lokacin addu'arka da lokacin aikin makaranta, don karanta littafin Romawa saboda jarrabawa ba ya ciyar da rai.

In kana da aure, uwargida ta san komai kafin ka sa hannu: kuɗin makaranta, wurin zama, wanda zai kula da gona. Makarantu da dama suna da sashen matan fastoci, ka tambaya ko za ta samu gurbi, domin ranar da aka tura ku ikilisiya, mata wurinta za su fara kai kukansu. Ka kuma tanadi kuɗin zango biyu a hannu kafin ka tafi, saboda tallafin gunduma yakan makara.