Ƙungiyoyin 'yan wasan kirifto: Wa ke da ta cewa a cikinsu?

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. An saka ni a wani gurup na Telegram, sun ce ƙungiyar 'yan wasan bulokcen ce, za su ba ni aron kayan wasa in riƙa bugawa a wayata muna raba riba. Yaya tsarin yake? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Tsarin ya yi suna ne da wasan Axie Infinity na kamfanin Sky Mavis da ke Biyetnam. A da, sai ka mallaki dabbobin wasan guda uku kafin ka shiga, kuma a 2021 kuɗinsu ya kai ɗaruruwan daloli. Talaka ba ya da wannan. Sai ƙungiyoyi irin Yield Guild Games (YGG), wadda aka kafa a Filifin a 2020, suka riƙa sayen dabbobin suna ba matasa aro. Kamar dai mai Keke Napep ne ya ba ka tuƙi kana kawo balas. A tsarin YGG na wancan lokacin, mai wasa na ɗaukar kashi 70 na tokin ɗin SLP (kuɗin kirifton da wasan ke bayarwa lada) da ya samu, manajan da ya horar da shi 20, ƙungiya 10. A lokacin kullen korona, iyalai da dama a Filifin sun ci abinci da wannan.

Amma kuɗin daga aljihun sababbin shiga yake fitowa, masu sayen dabbobi. Da suka ragu, SLP da ya kusa senti 40 a tsakiyar 2021 ya faɗo ƙasa da senti ɗaya a 2022. Masu aro suka watse. Wanda ya sha latsa Hamster Kombat a nan arewa a 2024, ya ga abin da aka raba masa ranar biya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tambaya: Sun ce mu ne masu mulkin wasan, don akwai DAO, kowa na kaɗa ƙuri'a. Gaskiya ne?

Amsa: Nan ne nake so ka buɗe ido sosai. DAO tsari ne da masu tokin ke kawo shawara, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a da walet, wato asusun ajiyar kirifto. Sai dai a mafi yawansu ba kawunan mutane ake ƙirgawa ba, tokin ake ƙirgawa. A Decentraland, wata duniyar wasa ta intanet, tokin ɗinsu MANA ɗaya ƙuri'a ɗaya ce, fili ɗaya kuwa ƙuri'a 2,000. Attajiri guda na iya rinjayar unguwa sukutum. Kai da kake kwana kana wasa da kayan aro, cajinka da datarka na ƙarewa, in ba ka riƙe tokin ɗin mulki ba, ba ka da baki. Wannan yana damuna, domin masu wahalar su ne ba a tambaya.

A Fabrairun 2022 Sky Mavis ya cire ladan SLP daga wasu sassan wasan don tsayar da faɗuwar farashi. Kamfani ne ya yanke, masu aro suka wayi gari samunsu ya ragu.

Wata guda bayan nan aka ga inda makullan suke. Gadar Ronin ta wasan Axie, wadda kuɗin 'yan wasa ke bi, a lokacin tana da masu tantancewa tara, sa hannun biyar ya isa a fitar da kuɗi. Huɗu na hannun Sky Mavis. Na biyar na Axie DAO ne, amma tun Nuwamban 2021 an ba kamfanin izinin sa hannu a madadinsa saboda cunkoso, ba a kuma janye izinin ba. Ɓarayi suka kama biyar ɗin, suka kwashe kuɗin kirifto ETH 173,600 da USDC miliyan 25.5, sama da dala miliyan 600. Kwana shida kafin a farga! Amurka ta ɗora laifin a kan gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Kamfanin ya biya mutane daga baya.

Ba ina cewa ƙuri'ar ba ta taɓa cizo ba. A 2022 masu tokin na Merit Circle, wata ƙungiyar 'yan wasa irin YGG, sun kaɗa ƙuri'ar soke yarjejeniyar jarin dala 175,000 da YGG ta zuba musu, bisa cewa ba ta tsinana musu komai ba. Aka ƙare da sulhu, aka sallami YGG da dala miliyan 1.75. To amma wannan faɗan masu jari ne.

Tambaya: To in shiga ko in bari?

Amsa: Idan aro ne na gaskiya, ba za a ce ka biya kuɗin rajista ba. Duk wanda ya nemi kalmomin sirrin walet ɗinka, 12 ne ko 24, ɓarawo ne, fita daga gurup ɗin nan take. Ka sa a rubuta maka kason rabo da ranar biya. Sannan ka ce su nuna maka shafin ƙuri'unsu, galibi a dandalin Snapshot yake, ka duba walet nawa suka kaɗa a shawarar ƙarshe, da kason da manyan uku suka riƙe. In sun yi ta kame-kame, ka ajiye datarka.